An kunyata ni a zaman jaz: in koma ko in haƙura da busa?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, na haura shekara talatin, kuma shekara huɗu ke nan ina koyon busa saksafon, irin wanda ake kira alto. Ba ni da malami. Daga bidiyon intanet nake koyo, in na taso daga aiki sai in kunna kiɗan rakiya a waya in bi shi a ɗakina. Ina da aboki mai kaɗa bes, shi ya matsa mini in je wani zaman jaz da ake yi duk mako, irin wanda makaɗa suke kira jam, inda kowa zai iya rubuta sunansa a hau da shi dandamali. Na je na rubuta suna. Da aka kira ni, mai fiyano, wanda shi ne jagoran zaman, ya faɗi sunan wata waƙa ya tambaye ni ko na san ta. Na taɓa jin ta, amma ban taɓa busa ta ba. Kunya ta hana ni cewa a'a. Da aka zo kaina na fara lafiya lau, can sai na ji abin da nake busawa ya daina haɗuwa da nasu. Na runtse ido na ci gaba, ina fatan zan dawo hanya. Ashe tuni ake ta yi mini alama in tsaya. Ƙarshe dai wani dattijo mai busa turampet ya shigo a kaina da ƙarfi ya rufe waƙar. Da muka sauko sai ya ce mini a gaban mutane in je gida in koya kafin in dawo in ɓata wa jama'a dare. Abokina da na zaci zai tsaya mini, dariya ya yi, wai kowa da haka ya fara. Yau wata biyu ban buɗe akwatin saksafon ɗin ba. Abokin nan nawa yana ta kirana in koma, ni kuwa haushinsa nake ji, har na rage ɗaukar wayarsa. Shin in haƙura, tunda da alama ba ni da baiwar abin? In kuma zan koma, da wane ido zan kalli dattijon nan?

Daga mai busa da ya yi shiru

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wannan abu da ya same ka. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma ba zan ce maka ƙaramin abu ba ne. Mutum ya taso daga aiki a gajiye, ya shige ɗaki ya yi ta fama da busa shekara da shekaru babu mai tafa masa, ranar farko da ya fito da abin bainar jama'a kuma a yarfa shi, dole zuciya ta yi ciwo. Duk wanda ya ce maka ka share kawai bai auna nauyin abin ba. Amma tunda kai tsaye ka tambaye ni, kai tsaye zan ba ka amsa: kada ka ajiye saksafon ɗin, kuma ina ganin ya kamata ka koma. Sai dai komawar tana da shiri, shi nake so mu zauna a kai.

Mu fara da maganar baiwa, domin a nan ne ka yanke wa kanka hukunci mafi tsanani. Abin da ka kwatanta, cewa ka fara lafiya sannan busarka ta rabu da ta sauran, bai nuna komai game da baiwa ba. Ɓacewa ka yi a cikin ginin waƙar, matsala ce sananniya kuma maganinta sananne ne. Yawancin waƙoƙin da ake kira a irin wannan zama suna da tsayayyen tsawo. Salon waƙar da ake kira buluz gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu huɗu. Da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin Amurka da 'yan jaz suka mayar nasu gaɓa 32 ne, an raba su kashi huɗu, takwas-takwas: kashin farko, a maimaita shi, sai wani kashi dabam da suke kira gada, sannan a koma na farkon. Shi ne suke rubutawa AABA. Idan an busa uwar waƙar, wato ainihin karinta da ake farawa da shi a kuma rufe da shi, masu fiyano da bes da ganga sai su ci gaba da zagaya wannan gini, kowane mai busa ya ɗora nasa a kai. To ga inda ramin yake. Zagaye yana ƙarewa da A, sabon zagaye kuma yana farawa da A biyu, ka ga kunnenka zai ji A uku a jere. Wanda bai riƙe lissafi ba sai ya faɗa gada tun lokacinta bai yi ba, ko ya makara, kuma daga wannan lokaci duk abin da ya busa, komai daɗinsa, a kan sautin da ba nasa ba zai riƙa sauka. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya same ka, balle a waƙar da ba ka taɓa busawa ba.

Kiɗan rakiyar da kake bi a waya ya taimake ka ƙwarai, amma akwai abin da ba zai iya koya maka ba. Manhajoji irin su iReal Pro suna haska maka gaɓar da ake ciki a kan allo, sai ya zama idonka ne yake riƙe lissafin, kunnenka yana hutawa. Kuma kullum iri ɗaya kiɗan yake fitowa. Mai ganga mai rai zai jinkirta bugu, zai yi ado inda ba ka zata ba, mai fiyano zai musanya wani haɗin sauti da ɗan'uwansa. Ranar da aka ɗauke maka allon aka kuma sa ka tsakiyar mutane masu sauya abu yadda suka ga dama, ba mamaki ƙasa ta zame maka. Akwai kuma wani abu da ya shafi alto musamman, wanda masu koyo da kansu suke yawan tsallakewa. Sunan sauti a alto ba ɗaya yake da na fiyano ba. In mai fiyano ya ce za a yi waƙa a F, kai D za ka kama. In ya ce B-filat, kai G. In ya ce C, kai A. Ban ce wannan ya shiga cikin abin da ya faru ba, tunda ka ce ka fara lafiya, amma ka tabbata wannan juyi yana kanka daram kafin ka sake hawa, yadda ba sai ka tsaya lissafi ba.

Yanzu in faɗa maka wadda ba za ta yi daɗin ji ba, kuma da ƙauna nake faɗa. Daren nan bai lalace a lokacin da ka ɓace ba, tun a lokacin da ka ce ka san waƙar ya fara karkacewa. Na fahimci dalilin. An kira sunanka, fitila tana kanka, mutane suna jira, cewa ban sani ba a irin wannan wuri ya fi dutse nauyi. Amma jagoran da ya tambaye ka ko ka san ta, da gaske yake tambaya, ƙofa ya buɗe maka. Da ka ce masa, ban san wannan ba, amma na iya buluz a F, da wuya ya ƙi. Makaɗa suna jin wannan jimla kullum daga bakin junansu, har daga waɗanda suka yi shekara talatin a harkar, domin babu wanda ya haddace dukkan waƙoƙin da ke yawo. Wanda ya ce bai sani ba suna ganinsa da mutunci. Wanda ya ce ya sani alhali bai sani ba shi ne yake jefa mutum huɗu ko biyar cikin wahala tare da shi.

Sai runtse idon. Shi ma na gane shi, tsoro ne yake sa mutum ya shige cikin kansa. Amma zaman jam tamkar hira yake: akwai mai magana, akwai masu gyaɗa kai suna ba shi amsa, kuma kowa yana kallon fuskar ɗan'uwansa don ya san lokacin da zai miƙa zance. Da ido ake tafiyar da rabin abin da ke faruwa a dandamalin. Jagora zai dafa kansa da tafin hannu, ma'ana a koma uwar waƙa. Zai ɗaga yatsu huɗu, ma'ana za a yi musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga. Zai kalle ka ya gyaɗa kai, ma'ana naka ya zo ko naka ya ƙare. Da ka rufe ido sai ka toshe hanya ɗaya tak da suke da ita ta ceto ka cikin sirri, ba tare da masu sauraro sun farga ba. Ka ce an daɗe ana yi maka alama. Ka tsaya ka dubi wannan magana da kyau: kafin a kunyata ka, an yi ta ƙoƙarin a rufa maka asiri.

Ka kuma duba daren ta idon waɗanda ke bayanka. Mai busa yakan hau ya yi waƙa ɗaya ko biyu ya sauka ya huta. Masu bes da ganga da fiyano kuwa sukan kwashe awanni suna ɗauke da duk wanda ya hau, mai kyau da marar kyau, yatsun mai bes suna zafi a kan igiyoyi masu kauri. Jagoran yana da takarda cike da sunaye, kowa yana jiran nasa, ga lokacin tashi yana matsowa, ga mai wurin yana so masu sauraro su ji daɗi su dawo mako mai zuwa. In mutum ɗaya ya zarce zagaye bayan zagaye, lokacin wani yake ci. Na faɗi wannan ne don ka ga cewa tsayar da kai ɗin kansa ba ƙiyayya ba ce. Dole ne wani ya rufe waƙar.

Abin da dattijon ya faɗa bayan kun sauko kuwa, wannan magana ce dabam, kuma ba zan wanke shi ba. Cikin maganarsa akwai gaskiya, wato akwai abin da ya kamata ka koya. Amma yadda ya faɗe ta, a gaban mutane, da kalmar ɓata wa jama'a dare, bai dace da babba ba. Da ya ja ka gefe ya ce maka ka ɓace a gada, ga yadda ake riƙe ta, da ya ba ka abin da za ka tafi da shi gida. Sai dai yana da kyau ka san inda irin wannan kaushi ya samo asali, ko zafin ya ragu in ka gane ba kai kaɗai aka taɓa yi wa ba. A unguwar Harlem ta birnin New York akwai wani wuri, Minton's Playhouse, da Henry Minton ya buɗe a 1938. A farkon shekarun 1940 zaman da ake yi a can, da Thelonious Monk a fiyano da Kenny Clarke a ganga, ga su Dizzy Gillespie da Charlie Christian suna shigowa, yana cikin wuraren da salon jaz da ake kira bibop ya tsiro. Gillespie da kansa ya ba da labarin yadda shi da Monk sukan shirya haɗe-haɗen sauti masu wuya, su fito da su da dare don su kori waɗanda ba su ƙware ba. A zamanin, zaman jam shi ne makaranta, shi ne kuma wurin neman aiki, saboda haka babu sassauci.

Labarin da ya fi kusa da naka shi ne na Charlie Parker, wanda shi ma alto yake busawa. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Kansas. Yana matashi, a tsakiyar shekarun 1930, ya hau wani zama a Reno Club, ya ɓace ana tsakiyar busa. Jo Jones, mai gangar ƙungiyar Count Basie, ya ciro faifan tagulla daga cikin kayan gangarsa ya wurga ƙasa kusa da ƙafarsa, alamar ya sauka. Aka yi masa dariya. Wannan yaro ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan da suka taɓa riƙe saksafon. A wata hira ta rediyo a 1954 ya ce akwai lokacin da yake atisaye awa 11 zuwa 15 a rana, na tsawon shekara uku zuwa huɗu. Ina kawo maka labarin ne don abu ɗaya, ka ga cewa ɓacewa a daren farko ba ta auna inda mutum zai kai. Ban kawo shi don in ce ka yi awa goma sha ɗaya ba, kai mai aiki ne, kuma ba ka neman zama Parker. Ba na kuma son yadda wasu suke fakewa da wannan labari su ce wulaƙanci ne yake gina makaɗi. Parker ya dawo, shi ya sa muka san sunansa. Waɗanda aka yi wa irin haka suka tafi ba su dawo ba, babu wanda ya rubuta nasu labarin. Kuma cikin jaz ɗin nan akwai manya masu wata ɗabi'ar dabam. Barry Harris, mai fiyano da ya rasu a 2021, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da aji na mako-mako a New York wanda ƙwararre da ɗan koyo duk suke iya shiga su zauna kafaɗa da kafaɗa.

To da wane ido za ka kalli dattijon? Da idon wanda ya ji magana ya je ya yi aiki a kanta. Ba na ba ka shawarar ka tare shi da ƙorafi, ba zai haifar da komai ba sai sabuwar magana a gaban mutane. Ba na kuma cewa ka guje shi kamar mai laifi. In kun haɗu ka gaishe shi yadda ake gaida babba. In ka ga fuska, ka ce masa, ranka ya daɗe, rannan na ɓace a waƙar nan, na je na duba, wace waƙa kake ganin ya kamata in fara riƙewa? Tsofaffin makaɗa da yawa masu kaifin harshe suna saukowa nan take in aka tambaye su abin da suka sani, har ka ga mutumin da ya kore ka shi ne yake tsayawa bayan an tashi yana nuna maka abu. In kuma ya sake yi maka tsawa, ka san halinsa ne, ka bar shi da abinsa, tunda ba shi ne jagoran zaman ba. Akwai yiwuwar ma ya manta da daren gaba ɗaya. Abin da kai ka kwana biyu kana juyawa a rai, a wurinsa ɗaya ne daga cikin darare masu yawa.

Abokinka fa, a nan nake so ka sassauta. Ya yi kuskure biyu. Ya kai ka wurin bai shirya ka ba, alhali ya san ƙa'idar gidan, ya kamata ya ce maka ka zo da waƙoƙinka a hannu, ko ka fara zuwa kallo. Sannan ya yi dariya a lokacin da kake buƙatar ya dafa kafaɗarka. Amma ka dubi abin da yake yi tun daga ranar: yana ta kiranka. Wanda ya raina busarka ba zai yi wata biyu yana nemanka ka dawo ba, da ya yi shiru ya ji daɗin an rabu da kai. Ina ganin dariyar tasa ta wanda ya taɓa shan irin wannan ce, yana so ya nuna maka abin bai kai ya kawo ba, sai ta zo maka a baibai. Shi bai san tana ci maka rai ba, domin ba ka faɗa masa ba, ɗaukar waya kawai ka rage. Ka kira shi ka ce masa, dariyar nan da ka yi rannan ta yi mini ciwo, na so a ce ka tsaya kusa da ni. A taƙaice, ba tare da tone-tone ba. Daga nan ka roƙe shi abin da zai biya bashin da shi, domin mai bes shi ne abokin atisaye mafi amfani da mai busa zai samu.

Ga shirin da nake gani. Ka fara da busa abin da kake so, kai kaɗai, na 'yan kwanaki, har leɓɓanka su dawo, domin wata biyu ba busa yana kashe ƙarfin baki. Sannan ka zaɓi waƙoƙi uku kacal ka riƙe su da ka, ba takarda. Ɗaya ta zama buluz. Akwai C Jam Blues ta Duke Ellington, ta 1942, wadda uwar waƙarta sauti biyu ne kawai, ka ga hankalinka duka zai tafi kan ginin gaɓa 12. Akwai Blue Bossa ta Kenny Dorham, da ta fito a 1963, gaɓa 16 ce, ba ta da tsawo kuma kusan duk mai zuwa irin wannan zama ya san ta. Sai Autumn Leaves mai gaɓa 32. In kana buƙatar rubutunsu, littafin da ake kira Real Book, wanda wasu ɗalibai a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston suka fara haɗawa a shekarun 1970, kamfanin Hal Leonard kuma ya fitar da shi bisa ƙa'ida a 2004, yana da bugu na musamman na E-filat, shi ne na masu alto. Amma takardar don koyo ce a gida. Uku da ka riƙe sosai sun fi ashirin da ka sani sama-sama.

Yawancin aikin da ke gabanka ma ba da saksafon a baki za ka yi shi ba. Ka kunna faifan ɗaya daga cikin waƙoƙin, ka saurari uwar waƙar, in masu busa sun fara nasu kai kuma ka ci gaba da rera uwar waƙar a ranka a ƙarƙashinsu. Duk lokacin da zagaye ya dawo farko ka tafa hannu sau ɗaya. In faifan ya koma uwar waƙa a ƙarshe kuma tafinka ya faɗa daidai da ita, ka riƙe ginin. In bai faɗa ba, ka sake. Wannan za ka iya yi a hanyar zuwa aiki. In ka ɗauki saksafon, ka kifa wayar don kada ka ga allo, ka busa tushen kowane haɗin sauti kaɗai, dogo-dogo, har kunnenka ya san inda waƙar take juyawa. Sai kuma aikinku da abokin: ya riƙa kaɗa ginin waƙa, kai ka busa gaɓa huɗu ka yi shiru gaɓa huɗu, ka sake shigowa. In kun saba, ya fara daga tsakiyar waƙa ba tare da ya gaya maka ba, kai ka gano inda yake. Ku ɗauki abin a waya ku saurara tare. Za ka ji abubuwan da ba ka ji lokacin da kake busawa, masu kyau da marasa kyau.

Komawar farko ka je hannu rabbana, ka bar saksafon a gida. Ka zauna inda kake ganin fuskar jagoran, ka lura da waƙoƙin da ake yawan kira, da zagaye nawa kowa yake yi, da yadda ake miƙa wa juna. In wurin na kasuwanci ne ka sayi wani abu, da haka zaman yake ɗorewa. Lokacin hutu ka je wurin mai fiyanon ka gabatar da kanka, ka ce kai ne wanda ya ɓace rannan, kai ɗan koyo ne, kana shirya waƙoƙi kaza da kaza, yaushe ya fi dacewa ka hau? Wannan gajeriyar magana za ta sauke maka rabin kayan da kake ɗauke da shi, shi kuma ta ba shi damar ya haɗa ka da waɗanda za su riƙe ka, a waƙar da ka iya, a gudun da ba zai kayar da kai ba.

Ranar da ka hau, ka tambayi ki ɗin da za a yi, wato sautin da za a kafa waƙar a kansa, kafin a ƙirga. Ka yi zagaye biyu, in buluz ne uku, ka sauke saksafon ka kalli na gaba. Kada ka riƙa ƙananan bushe-bushe a lokacin da wani yake nasa. Idonka a buɗe. Kuma ka sa a ranka cewa za ka iya sake ɓacewa, domin ƙwararru ma suna ɓacewa, abin da suka fi ka shi ne sanin hanyar dawowa. In ka ji ƙasa ta zame, ka cire saksafon daga baki. Ka saurari bes. Mai ganga sau da yawa yakan doki faifan tagulla a farkon sabon zagaye, gada kuma tana da nata launin da kunne yake ganewa. Ka kalli mai fiyano, in ya ga idonka zai gyaɗa maka kai a daidai inda za ka shiga. Shirun gaɓa huɗu ko takwas, masu sauraro numfashi za su ɗauke shi.

In ka je kallon ka ga wurin na ƙwararru ne zalla, ana kiran waƙoƙi masu gudun tsiya, jagoran kuma bai ba ka fuska ba, to ba laifinka ba ne, kuma ba shi kaɗai ne zama ba. Akwai wuraren da ake shirya zaman musamman don masu koyo, makarantun kiɗa ma sukan yi. In babu a kusa da kai, kai da abokinka ku nemi mai fiyano ko mai jita ɗaya ku riƙa haɗuwa, wannan ma zama ne cikakke. Zan kuma so ka samu malami ko da na 'yan darussa ne, mutum mai rai da zai saurare ka ya ce ga inda kake zamewa, domin shekara huɗu kana koyo babu kunnen da ke gyara maka. In bayan duk wannan ka ga busa a ɗakinka ko tsakanin abokai biyu ita ce take faranta maka rai, dandamali ba ya cikin abin da kake so, babu aibi ko kaɗan. Roƙona kawai kada ka yanke wannan shawara yanzu da ciwon yake ɗanye. Ka ba kanka makonni kana busawa, ka je kallon nan sau ɗaya, sannan ka zaɓa.

Ka rubuto mini bayan ka yi magana da abokin naka, ina so in ji yadda kuka ƙare da kuma waƙar da ka fara riƙewa. Allah Ya sanyaya maka zuciya.